Yadda za ka koyar da nahawun Hausa a ƙaramar sakandare har yara su gane

Wannan rubutun na malaman da ke ɗaukar Hausa ne a ƙaramar sakandare, aji ɗaya zuwa uku, musamman sababbin shiga da aka miƙa wa manhaja da alli aka ce ga aji nan. Abin da aka saba gani shi ne malam ya shigo ya rubuta "Ma'anar Suna" a saman allo, ya cika allon da bayani, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa ya fita. Ranar tes za su zubo maka ma'anar nan tsaf yadda ka ba su, amma ka ce su nuna maka suna a cikin maganar da suka faɗa da bakinsu yanzun nan sai ka ga ana kallon-kallo. Alhali yaron nan ɗan shekara 12 ko 13 tun yana ƙarami bai taɓa cewa "zo ya Audu" ba, "Audu ya zo" yake cewa. Nahawun yana bakinsa tuntuni, kai aikinka ka fito da shi ka ɗora a allo ya gani, sai daga baya ka raɗa wa abin suna.

Fara da jimla, daga bakinsu

Makon farko kar ka ambaci suna ko aikatau ko sifa sam. Shiga ka tambaye su me ya faru a hanyarsu ta zuwa makaranta yau, ko me aka dafa jiya da daddare. Duk abin da aka faɗa ka rubuta a allo yadda aka faɗe shi, kamar guda shida sun isa. Za ka samu irin su "Mai Napep ya buge akuya", "Ummanmu ta dafa taliya", "An ɗauke wuta". Sai kai kuma ka sako naka guda biyu a tsakani waɗanda ba su cika ba, misali "akuyar maƙwabcinmu" da "lokacin da na tashi". Karanta su ɗaya bayan ɗaya ka ce wacce ce in mutum ya faɗa ya yi shiru za ka ce masa "sai me?" Da kansu za su tsamo guda biyun nan. To nan ne za ka ce musu wadda ba ta bar ka kana jira ba ita ake kira jimla. Ma'anar da yaro ya gano da kansa ba ya buƙatar hadda.

Darasi na gaba a raba jimlar biyu. Tambaya biyu kawai: wa ake magana a kansa, kuma me ya yi? A ja layi a tsakani. "Mai Napep" a hagu, "ya buge akuya" a dama. Na hagun yankin suna, na daman yankin aiki. A nan kwali yana aiki sosai, yayyanka kwalin indomi ko na sabulu, rubuta kalma ɗaya a kowanne da maka, kira yara huɗu gaban aji kowa ya riƙe ɗaya: Binta / ta / share / aji. Ka hargitsa tsayuwarsu ka ce 'yan aji su gyara su. Za a yi hayaniya, bar su, hayaniyar aiki ce. Daga nan ka fara ƙara masu kwali: "Binta doguwa", "Binta doguwar nan", "ta share aji da safe", su ga yankin yana ƙara tsawo amma layin tsakiya bai gusa ba.

Akwai gwajin da nake so: ka ce mai riƙe da "Binta" ta je ta zauna. Saura "ta share aji", jimla ce? Eh. Dawo da ita, ka ce mai riƙe da "ta" ya zauna. Saura "Binta share aji", sai ka ji sun ce ai wannan umarni ya koma, ko kuma Hausar ta karye. Wannan ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ce ke ɗauke da mutum da jinsi da adadi da lokaci gaba ɗaya, in yaro ya gane nauyinta tun yanzu rabin wahalar aji biyu ta tafi.

Kar ka manta ka nuna musu akwai jimlar da babu aikatau cikinta, don in ka ce musu dole kowace jimla sai da aikatau to gobe wani zai kawo maka "Audu malami ne" ko "Akwai ruwa a randa" ko "Ga kuɗinka" ya ce ina aikatau ɗin malam. Duk cikakku ne. "Ne" da "ce" ɗin nan ita ce dirka.

Sannan a zo kan azuzuwan kalmomi

Yanzu ne lokacin raɗin suna. Kuma kar ka jero su duka rana ɗaya, suna da wakilin suna da aikatau su fara, sifa da bayanau su biyo baya, mahaɗi da sauran ƙananan sai an fara haɗa jimloli. Maimakon ma'ana ba su ma'auni. Kalmar da za ta zauna a gurbin nan "___ ne/ce" ko ta karɓi jam'i, mai yiwuwa suna ce. Wadda za ta zauna bayan "ya" ko "ta" ko "sun", aikatau ce. A gwada "gudu", a gwada "tebur", a gwada "karanta", a ga inda kowacce ta shiga da inda ta ƙi.

Yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya da yamma, wasunsu sun fara jin fi'ili da fa'ili da maf'uli. Yi amfani da wannan: mai yin aikin shi ne aikau, wanda aikin ya faɗa wa shi ne karɓau. Amma ka ja musu kunne cewa jerin ya bambanta, Larabci yakan fara da fi'ili, Hausa kuwa aikau ne a gaba, sai aikatau, sai karɓau. Daga nan sai so-karɓau da ƙi-karɓau su zo da sauƙi: "ya zauna" ta tsaya da ƙafarta, "ya sayi" kuwa dole a ce sayi me.

Wurin da ya cancanci ka ɓata lokaci shi ne jinsi. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce sunan da ya ƙare da wasalin a yawanci tamace ne: riga ce, mota ce, kujera ce. Gaskiya ne, amma ka sa kalmar "yawanci" da manyan baƙaƙe, ka bar yara su farauto masu karya ƙa'idar da kansu. Gida ne, ruwa ne, nama ne, suna ne, wata ne, duk da a suka ƙare. A ɗaya gefen kuma mace ce, gwamnati ce, sunayen garuruwa ma haka, Kano ce, Katsina ta cika. Jam'i kuma ba ruwansa da jinsi, mata ne, motoci ne. Sai a haɗa da n da r ɗin da ake liƙa wa suna: gidan Audu, rigar Audu, rigunan Audu. Mai kaifin kai a aji zai iya tambayarka to me ya sa ake cewa gwamnatin jiha ba a ce gwamnatir jiha ba tunda gwamnati ce? Amsar ita ce r ɗin nan sai sunan tamace da ya ƙare da a take bi. Gara ka shirya amsar kafin a tambaye ka.

A nan ne maganar karin harshe take shigowa kuma a yi hattara. Yaron da ya tashi a Zariya ko Bauchi zai iya ce maka "rigan" ko "mota ne", na Sakkwato zai ce "shina zuwa", "munka tafi", ya sa "na" da "ta" a inda Bakano zai sa "ne" da "ce". Wallahi kar ka ce masa Hausarsa ba daidai ba ce, ranar da ka faɗi haka gaban 'yan aji ya daina ɗaga hannu ke nan. Raba allo biyu, gefe ɗaya "yadda muke faɗa a gida", ɗaya gefen "yadda ake rubutawa". Daidaitacciyar Hausa an gina ta ne galibi a kan karin Kano, ita ce ta littattafai da jarrabawa, shi ya sa ake koyonta, iyakar bayanin ke nan. In kuma makarantarka tana irin unguwannin da ke da yaran da Hausa ba harshen gidansu ba ce, kamar Sabon Gari ko wasu sassan Jos da Kudancin Kaduna, to jinsin nan shi ne babban ciwon kansu, su sai an yi ta maimaici da baki, kowane sabon suna a koye shi tare da dirkarsa.

Jam'i kuwa kar ka wahalar da kanka da jero ƙa'idoji a wannan matakin, sun yi yawa. A tara su gida-gida bisa amo: mota motoci, hanya hanyoyi, taga tagogi a layi ɗaya, ɗaki ɗakuna, riga riguna a wani, gida gidaje, ƙasa ƙasashe, wuƙa wuƙaƙe a wani. Masu taurin kai irin su akuya awaki, doki dawaki, saniya shanu, mutum mutane a ba su kusurwarsu daban a jikin bango.

Lokuta: jimla ɗaya, a yi ta juya ta

Ɗauki jimla ɗaya tak, "Yara sun share aji". Kar ka canza ko kalma ɗaya sai ƙaramar nan ta tsakiya. Suna share aji, wani zai ce suna sharar aji ko suna share ajin, to bar su su yi gardamar, sannan a ci gaba: za su share, sukan share, su share. Kowacce ka tambaya yaushe abin ya faru, an gama ne, ana ciki, ko ba a fara ba, ko kullum ake yi. Sai bayan sun amsa ka ba su sunayen, shuɗaɗɗe, mai ci, na gaba, sabau. Littattafai suna ɗan saɓawa wajen sunayen nan, don haka duba wanda makarantarku ke amfani da shi ka tsaya a kansa, kar yaro ya ga suna ɗaya a allo wani a littafi.

Abin da ke rikita har wasu malaman shi ne me ya sa shuɗaɗɗe ya zama biyu, mai ci ma biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya. Ka ce "Yara sun zo", su mayar da ita tambaya da "yaushe". Ba wanda zai ce "yaushe sun zo", kowa "yaushe suka zo" zai ce. "Suna wasa" ta koma "me suke yi". A gwada da "yaran da...", a ji "yaran da suka zo". A gwada gabatar da wata kalma don ƙarfafawa, "jiya suka zo". Sai ka ce to kun gani, sun da suka lokaci ɗaya suke nunawa, mazauninsu ne ya bambanta. Ka yi aikin da jam'i ko da "kin", saboda da "ya" da "ta" bambancin ba ya fitowa a rubuce, a tsawon wasali yake, sai a kunne.

Korewa ma haka, wasa ne mai daɗi na minti biyar ɗin ƙarshe. Layi ɗaya su faɗi jimla, ɗaya layin su kore ta da sauri: ya zo, bai zo ba, yana zuwa, ba ya zuwa, zai zo, ba zai zo ba, yana da kuɗi, ba shi da kuɗi, malami ne, ba malami ba ne, ya shigo, kada ya shigo. Su lura wace ce ke da "ba" biyu wace ce ke da ɗaya.

Haɗa jimloli

Wannan na ƙarshen aji biyu zuwa aji uku ne. Ba su gajerun jimloli biyu, "An yi ruwa" da "Ba mu je gona ba", ka ce su haɗa ta hanyoyi da yawa iya iyawarsu. Za a samu amma, saboda, shi ya sa, da, ko da yake, tunda. Kowace haɗawa a tambaya ma'ana ta canza ko tana nan. Daga nan ka nuna musu ganga tsayayya da ganga dogarau, wato wadda za ta iya zama ita kaɗai da wadda sai ta jingina, sannan sassauƙa da harɗaɗɗiya da sarƙaƙƙiyar jimla su biyo. Wani kuskure da Turanci ke jawowa: yaro ya rubuta "Audu ya zo da ya zauna". A Hausa irin wannan "da" ɗin sunaye take haɗawa, Audu da Bala, jimloli kuwa sai dai a jera su, ya zo ya zauna, ko a sa "kuma".

Ƙa'idojin rubutu, kullum kaɗan-kaɗan

Yaran yanzu a WhatsApp da TikTok suke ganin Hausa a rubuce fiye da littafi, can kuwa kowa yadda ya ga dama yake yi. In ka ware wa ƙa'idojin rubutu mako ɗaya a zango ka wuce, ba za su zauna ba. Ka mayar da shi minti biyar na farkon kowane darasi: shifta ta jimla uku, su musanya littafi, a gyara a allo. Abubuwan da za ka yi ta bi ba su da yawa. Yana, tana, yake, yakan a haɗe suke. Zan da zai a haɗe, amma za ta, za mu, za su a rabe. Gidansa, motarta a haɗe, amma ya gan shi, ya kama ta a rabe. Ya ba ta kuɗi daban, ya kawo mata kuɗi daban. Akan yi ruwa a Agusta, amma littafi yana a kan tebur. Sai lanƙwasa, wadda yara ke ganin ado ce kawai, rubuta musu baki da baƙi, kafa da ƙafa, bari da ɓari, fada da faɗa, ka ce wani ya karanta da ƙarfi, dariyar da za a yi ta isa darasi. In a Nijar kake koyarwa ka san ku ƴ kuke rubutawa a inda Najeriya ke sa 'y, sai ka nuna wa yara duka biyun don za su ci karo da su.

Kalmomi

Jerin kalma ashirin da ma'anarsu a allo ɓata alli ne. Hanya uku nake ganin suna aiki. Ta farko, daga saiwa ɗaya a tsiro da dangi. Rubuta "saya" a tsakiyar allo a kewaye ta: ya sayi goro, ya saye shi, ya sayo, ya sayar, ya saye duka, kayan ya sayu, masayi. Ba sai ka ambaci giredin aikatau ba, wannan tsarin na masanin Hausa Parsons na 1960 karatun gaba ne, a nan dai su ji yadda ƙarshen kalma ke juya ma'ana. Haka ɗafa "ma" a gaba: manomi, marubuciya, maɗinka, mabuɗi, makaranta, masallaci, a ware wanne ne mutum, wanne ne kayan aiki, wanne ne wuri. Haka Bakano Kanawa, Bakatsine Katsinawa, Basakkwace Sakkwatawa.

Ta biyu, aika su gida. Asamen ɗin mako: kowa ya je wajen kakarsa ko wani mai sana'a a unguwa ya samo kalma biyar da bai sani ba, da jimla ɗaya ga kowacce. Wanda ya je maƙera zai dawo da zugazugi da masaba da awartaki da uwar maƙera, wadda ta shiga madafi za ta kawo muciya da mara da maburgi da rariya, ɗan manomi ya kawo huɗa da maimai da sassabe da dami. Sunayen dangi ma fage ne, yaran birni da yawa kowa anti ne ko ankul, ba su rarrabe kawu da baffa ko gwaggo da inna, balle a je ga facala da agola da tattaɓa-kunne. A tara kalmomin a bayan littafi, kowa da ɗan ƙamusunsa. In makaranta tana da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, kawo shi aji su koyi neman kalma da hannunsu, da yawansu ba su taɓa buɗe ƙamus na Hausa zalla ba.

Ta uku, amsa-kama, wannan kam yara suna sonta. Ka faɗi rabi su ƙarasa: fari... fat, baƙi... ƙirin, ja... wur, kore... shar, ya cika... maƙil, ya tsaya... cak, an yi shiru... tsit. Sannan ka ba su labari busasshe na layi huɗu su jiƙa shi da irin waɗannan. Kalmomin aro kuma kar ka yaƙe su, a tantance su dai: littafi da alƙalami daga Larabci, tebur da asibiti daga Ingilishi, galadima da ciroma daga Barebari, lakwal da mushe a bakin mutanen Maraɗi da Damagaram daga Faransanci. Abin da za ka hana shi ne cusa Turanci a inda Hausa take da kalmarta a kusa.

Maki da gyara

Ajin da ke da yara tamanin ko ɗari ba za ka iya bin kowane kuskure a kowane littafi ba, kuma ko ka iya, shafin da ya yi ja wur da biro yaro ba ya karanta shi, rufewa yake. Kowane aiki ka zaɓi abu ɗaya da kake dubawa ka sanar da su tun farko, wannan makon jinsi kawai, mako mai zuwa rabewa da haɗewa. Ja layi ƙarƙashin wurin kar ka gyara, shi zai gyara ya dawo da shi. Kurakuran da suka fi yawa ka kwaso biyar ka rubuta a allo ba tare da sunan masu su ba, aji ya gyara tare. Minti 35 ko 40 ɗin darasi in ka kasa shi: biyar na shifta, goma na magana da misalai daga bakinsu, goma na fito da ƙa'ida da sunanta, sauran su rubuta nasu jimlolin kana zagayawa. Abin kwafa kar ya wuce layi biyar ko shida.

'Yan aji uku masu fuskantar BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, a zango na biyu ka fara kawo musu tsoffin takardun tambayoyi, amma duk tambayar zaɓi da aka amsa ka sa wani ya tashi ya faɗi dalilin da ya sa sauran zaɓin ba su yi ba, sannan ya ƙirƙiro tasa jimlar mai irin wannan ginin.